Sahihi da Batili a Zancen Adana Wake

Duk wanda ya zauna a rumfar 'yan hatsi a Dawanau, ko a kasuwar Maraɗi, bayan an gama roron wake, zai ji maganganu iri-iri game da yadda ake tsare shi daga ƙwari, waɗansu an gaje su kaka da kakanni kuma jarrabawa ta tabbatar da su, waɗansu kuwa ba su da isnadi ban da "an ce". To, da yake duka da murya ɗaya ake faɗarsu, ya wajaba a tsaya a rairaye su.

Asalin shubuhar shi ne abin da mutane da yawa suka ƙudurce, wai wake da kansa yake haifar ƙwaronsa. Hujjarsu ita ce sun zuba shi tas a buhu, sun ɗinke, amma bayan wata biyu sun tarar duk ya huje. Abin da suka gani gaskiya ne, ƙiyasin ne batili. Uwar ƙwaron tana yin ƙwai a jikin kwanso tun wake yana gona, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwaya ta yi ta ci a ɓoye, bayan kamar mako huɗu ta fito da fiffike ta yi nata ƙwan, ta haka kaɗan ɗin da manomi ya ɗauko a kansa zuwa gida yake zama runduna kafin bazara. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa ƙwaron halitta ne mai numfashi, kuma duk mai numfashi ana iya toshe masa iska.

A kan wannan asali aka gina buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa tare da manoman Marwa a arewacin Kamaru, aka kuma soma yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, har ana yin sa a Kano. An yi ta raɗe-raɗin wai an shafa wa ledarsa wani magani a asirce, alhali babu komai a cikinta: ledoji ne guda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, a matse iska, a ɗaure bakin kowace dabam, sai ƙwarin su shaƙe ɗan abin da ya rage, su daina ci, su mutu. Haka nan zancen wai irin da aka ajiye a ciki ba ya tsira, shi ma ba shi da tushe, muddin waken ya bushe sarai kafin a zuba. Amma masu cewa buhun ya taɓa ba su kunya ba ƙarya suke yi ba, domin huda ɗaya ta ɓera ko ta kara, ko yawan buɗewa don ɗibar na alala, ta isa ta rushe aikin. Saboda haka a ɗora shi a kan katako nesa da bango, a keɓe na cin yau da kullum a wani wuri. Jarka ko duro mai murfin da ke toshewa ƙam, idan an cika shi har wuya, aikinsu ɗaya.

Dabarar iyayenmu mata ta toka kuwa sahihiya ce, da sharaɗin a tankaɗe ta, a gauraya kwano ɗaya na toka da kwano ɗaya na wake, a rufe saman da wata. Barbaɗa 'yar kaɗan don neman albarka ba ya hana komai. Shanya ma tana kashe ƙwai da tsutsa idan aka baza waken a kan baƙar leda, aka lulluɓe shi da mai haske, aka bar shi awa biyu a tsakar rana. Barkono dai, a ganina, ya fi sa mai ɗiba atishawa fiye da yadda yake damun ƙwaro.

Inda maganar ta tashi daga asarar dukiya ta koma ta rayuka shi ne batun fiya-fiya da Sniper, waɗanda wasu ke yayyafawa a wake suna cewa wanki da tafasa suna kawar da dafin. Wannan fatawa ce ta wanda bai sani ba, gama babu mai iya lamunce wa uwar gida cewa abin da ya riga ya jiƙa ƙwaya zai fita duka a ruwan wanki. Kuma saboda ragowar sinadarin da ke cikin waɗannan magunguna ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar Phostoxin ita ma, da ake cusawa a buhu, iskar guba take fitarwa, kuma ajiye buhun da ke ɗauke da ita a ɗakin kwana ya sha hallaka iyali cikin dare. Mai sayar da irin wannan wake bai bayyana ba ya haɗa algus da cutarwa, ya tambayi malamin unguwarsu hukuncinsa.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce mafi hatsari: wai manja ko nono suna karya guba. Idan mutum ya soma amai, da zawo, da gumi, da dalalar miyau, numfashi yana yi masa wuya bayan ya yi feshi ko ya ci abin da ake tuhuma, kada a ɗura masa komai, kada a tilasta masa amai, domin abin yana iya sarƙe shi ya faɗa huhu. A tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a kuma riƙo kwalbar maganin a nuna wa likita.