Kasuwar da Babu Ita, Amma Tana Taimakon Likita

Watakila ka san wani magidanci da ya yi haɗarin mota, ko ya sha fama da shanyewar ɓarin jiki, ya warke ya dawo gida. Maganarsa daidai, ya san kowa, yana lissafi. Amma in an aike shi kasuwa da saƙo uku, sai ya dawo da ɗaya, kuɗin kuma ya ƙare. Iyali su ce ya zama malalaci, ko ba ya kula da su. Sau da yawa ba haka ba ne.

A bayan goshinmu akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa mai aikin mai unguwa. Shi ne ke tsara abin da za a fara da abin da zai biyo baya, shi ke riƙe saƙo a rai, shi ke hana mutum bin son zuciyarsa nan take. A 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage ya gamu da tsautsayi: sandan ƙarfe ya huda wannan sashe na kansa. Bai mutu ba, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya, ya kasa tsayawa a kan shiri ɗaya.

Wahalar likitoci ita ce, gwajin da ake yi a ɗakin asibiti ba ya nuna wannan rauni ko da yaushe. A can shiru ne, likita kuma shi ke faɗa wa mutum abin da zai yi, ɗaya bayan ɗaya. A 1991 wasu masana biyu a Landan, Tim Shallice da Paul Burgess, suka fitar da majiyyata uku zuwa wata unguwar kantuna. Suka ba su kuɗi kaɗan, da jerin saƙo, da dokoki, kamar kada a shiga kanti sai don saye. Mutanen nan sun ci gwajin basira sosai, amma a titi sai suka rikice, suka karya dokoki.

To, fita da majiyyaci titi yana cin lokaci, yana da haɗari, kuma kasuwar yau ba ta zama kamar ta jiya. Nan ne kwamfuta ta shigo. A Faransa, Evelyne Klinger da abokan aikinta suka zana babban kanti a cikin kwamfuta. Mutum yana zaune, yana yawo tsakanin kantoci a kan allo, ya nemo kayan da ke cikin jerinsa, ya je ya biya, ya fita. Yau kuma akwai tabarau na musamman da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya ga kamar yana cikin kantin da kansa. Kwamfutar tana ƙirga komai: hanyar da ya bi, inda ya tsaya, abin da ya manta, da lokacin da ya ɓata.

Amma akwai abin lura. Tabarau ɗin yakan sa wa waɗansu jiri. Tsohon da bai saba da kwamfuta ba zai iya faɗuwa gwajin, ba don rauni ba. Kuma kantin Turai, inda farashi ke rubuce, ba kasuwarmu ba ce ta ciniki da tayi. Dole a daidaita gwajin da rayuwar mutanen da za a gwada.

Kafin irin wannan ya iso asibitinku, iyali su ne idon likita. Ku lura da abin da mutumin ke kasa yi a gida, ku faɗa wa likita dalla-dalla. Ku rubuta masa saƙo a takarda, ku ba shi aiki ɗaya kafin wani. Fiye da komai, ku yi haƙuri da shi. Ciwon da ido bai gani ba, ciwo ne.