Ko Kun Sani? Kwamfutar da ke Dunƙule Kalmomi

Commodore 64, wadda ta fito a 1982, bayit 38,911 kacal ta bar wa mai rubuta manhaja da harshen BASIC. Don tsimin wuri, ba ta ajiye umarni yadda aka buga shi. Kana rubuta PRINT ka danna RETURN, sai ta dunƙule haruffan nan biyar su koma lamba ɗaya, 153. GOTO kuwa 137 ce. Sai an buga LIST take duba jadawalinta na kalmomi da lambobinsu ta warware lambobin, kalmomin su dawo kan allo. Dabara ce mai kyau ƙwarai: ko alamar tambaya ka buga a madadin PRINT, PRINT ɗin za ta nuna maka. Da wannan jadawali ake farfaɗo da manhajojin da suka rage a tsofaffin kasakasai.