Aikin Waƙafi a Rubutun Japananci

Japanawa ba sa barin fili tsakanin kalmomi. Don haka waƙafinsu, tōten (、), wani lokaci shi kaɗai ke nuna iyakar kalma. A dubi wannan jimla da aka rubuta da baƙaƙen kana zalla: ここではきものをぬいでください. Idan waƙafi ya biyo bayan koko de, sai a karanta hakimono, wato a tuɓe takalma a nan. In ya gusa da harafi ɗaya, は ya koma wa, saura kimono: tufafi ke nan aka ce baƙo ya tuɓe. Ɗalibin da ya saba da nahawun Faransanci yakan nemi tsayayyar doka, alhali ko daftarin da Ma'aikatar Ilimin Japan ta fitar a 1946 bai wuce shawara ba.