Yadda ake ɗaura kardan a ƙaramar tarakta ba tare da asarar inji ko hannu ba

Da zarar an gama girbin hatsi da wake a ƙasar Arewa, aikin ƙananan taraktoci yana komawa ga sussuka, daga nan sai gyaran fadamun Dallol Mawri domin noman rani. Daga Matankari da Dogondutsi har Kore Mairuwa, Dumega da Tibiri, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tarakta guda takan zagaya garuruwa da dama tana aikin haya. Injin sussuka ko injin dagargaza ƙasa da take ja yana samun ƙarfinsa ne ta wani dogon ƙarfe mai juyawa wanda makanikai ke kira kardan. Ɗaura shi aikin mintoci ne, amma kuskure a wurin yana iya fasa giyar tarakta ko ya nakasa mutum.

Mene ne kardan?

A bayan tarakta akwai wani gajeren ƙarfe mai haƙora da ke fitowa daga gidan giya. Shi ke miƙa ƙarfin inji zuwa waje. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai wannan ƙarfe a 1918, daga baya aka daidaita ma'auninsa a duniya. A yawancin ƙananan taraktoci kaurinsa milimita 35 ne, haƙoransa 6, yana juyi 540 a minti. Akwai wani iri mai haƙora 21 da ke juyi 1000 a minti, wanda aka fi samu a manyan taraktoci. Injin da aka ƙera domin juyi 540 ba a ɗora masa 1000, domin zai tarwatse.

Shi kardan bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya, yana tsawo yana gajarta. Kowane kai yana da gaɓa mai giciye da ke ba shi damar lanƙwasa, sannan rigar roba ta rufe shi baki ɗaya.

A fara da awon tsawo

Sau da yawa tarakta daban aka saye ta, inji daban, kardan kuma daga wata kasuwa. Shi ya sa awo ya zama wajibi kafin aikin farko. Ana haɗa injin da tarakta, a ɗaga shi a sauke, a gano inda tazara tsakanin ƙarafan biyu ta fi gajarta. A wannan wuri dole kardan ya rage ƴan santimita na shiga. Idan ya yi tsawo, ranar da aka ɗaga injin zai tokare, ya tura ƙarfinsa cikin gidan giya, gyaran kuma ya ninka kuɗin kardan sau da yawa. Idan ya gajarta, bututun na iya zarewa ana cikin aiki, rabin da ke jikin tarakta ya riƙa dukan duk abin da ke kusa. Ƙa'idar da masu ƙera shi suka fi bayarwa ita ce bututun su kasance cikin juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu.

Idan sai an rage, ana yanke tsawo iri ɗaya daga bututun biyu da rigar robar, a goge bakin da magagari, a share garin ƙarfe, a shafa giris.

Matakan ɗaurawa

A tsayar da tarakta a wuri mai lebur, a sauke injin ƙasa, a ja birki, a cire giyar kardan, a kashe inji, direba ya zare makulli ya sa a aljihu. A goge yashi daga haƙoran, domin ƙasar Arewa rairayi ce, yashi da giris kuwa in sun haɗu cin ƙarfe suke. A fara ɗaura ɓangaren injin, inda ƙusar kariya take. Sai a ɗauki ɗaya kan, a daidaita haƙoransa da na tarakta ta hanyar juya shi kaɗan da hannu, a danna ƴar ƙusar kulle, a tura har ta faɗa cikin raminta. Daga nan a fizgo shi baya da ƙarfi: in ya fito, bai kullu ba. Guduma ba ta da aiki a nan. A ƙarshe a maƙala sarƙoƙin rigar roba a jikin tarakta da na injin, domin ƙarfen ya riƙa juyawa a ciki, rigar tana tsaye.

Ana kunna kardan inji yana ƙasa-ƙasa, sannan a ƙara wuta sannu a hankali. Ana kashe shi kafin a ɗaga injin sama ko a yi kwana mai tsanani. Gaɓoɓin suna son giris kusan duk bayan awa 8 na aiki. Ƙusar kariya kuwa an yi ta ne ta karye idan injin ya ci karo da dutse ko ya cushe. Maye gurbinta da guntun rodi yana maida karayar cikin giya.

Haɗarin tufafi

Juyi 540 a minti juyi 9 ne a daƙiƙa guda. Kardan marar riga yana iya naɗe kusan mita 2 na yadi kafin mutum ya yi ihu. Babbar riga, rawani, hijabi da bakin zane duk abin kamawa ne, ga shi wurin sussuka mata da yara ne suka fi cika shi. Kada kowa ya tsallaka kardan yana juyawa, kada a cire cushewa da hannu sai inji ya mutu. Idan tsautsayi ya faru, a kashe inji nan take, a yanke tufafin maimakon a ja mutum, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a garzaya da shi asibitin gunduma.

Duk mai ɗaukar hayar tarakta yana da ikon duba rigar kardan kafin a kunna inji a masussukarsa. Idan ta fashe ko babu ita, aikin ya jira har a sa wata.