Me Ya Sa Teɓa Ke Dawowa?

A Katsina za ka ga mutum ya bar tuwon dare da lemon kwalba, ya rame, shekara na zagayowa teɓa ta dawo, ciwon suga da hawan jini na biye. Ba lallai kwaɗayi ba ne. A 2024 masana a Zurich sun gano kitsen waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba yana aiki irin na masu ƙiba, shekara biyu bayan tiyatar. A ɓeraye kuma sun ga dalili: ƙwayar gado tana nan yadda take, alamomin da ke kunna ta da kashe ta ne suka canja.

Yunwa ma tana barin irin wannan tabo tun daga mahaifa, kamar yadda aka gani a 'ya'yan matan da yunwar da aka yi a ƙasar Holan a 1944 ta tarar suna da juna biyu. Shi ya sa tamowar yaran Katsina take damuna ƙwarai.