Goku ya shigo gidajen gem na Rijiyar Lemo

Duk wanda ya saba leƙa gidajen gem na Rijiyar Lemo bayan an tashi daga makaranta ya san tsarinsu. Ka biya kuɗin wasa ɗaya, kai da abokinka ku ɗauki Barcelona da Madrid, minti goma an gama, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri. Ƙwallo ce ke riƙe da gidajen nan. To amma ga wani baƙo da ya ƙi bin wannan tsari: Dragon Ball Z: Kakarot.

Asalinsa labarin zane ne da Akira Toriyama ya fara a Japan a 1984, aka mayar da shi katun ɗin da yayyenmu suka sha kallo. Toriyama ya rasu a watan Maris na 2024. Gem ɗin kuwa kamfanin CyberConnect2 ne ya ƙera shi, Bandai Namco ya fitar da shi a Janairun 2020. Kakarot shi ne sunan yankan Goku a wajen ƙabilarsa ta Saiyan, shi ya sa Vegeta ba ya kiran sa da wani suna sai wannan.

Ba dambe kaɗai ake yi a ciki ba. Za ka kara da Raditz, Vegeta, Frieza, Cell, har ka kai ga Majin Buu, amma tsakanin faɗa da faɗa sai ka yi shawagi a sama, ka yi atisaye, ka tara kayan miya Chi-Chi ta yi girki domin ƙarfinka ya ƙaru. Har kamun kifi Goku yake yi da jelar da Bulma ta ƙera masa, abin da ya fi ba mu dariya ke nan.

A nan matsalar take. Mutum ɗaya ke buga shi, kuma labarin yakan ci fiye da awa 30. Lissafa hakan da kuɗin awa a gidan gem, ka ga kuɗin tara na sati nawa zai tafi. Ga shi duk inda ka tsaya a na'urar mai gida ake ajiye shi. Ka yi sati biyu kana fama, ka isa duniyar Namek, ka dawo gobe ka tarar wani ya yi ajiyarsa a kan taka. In aka ɗauke wuta ana tsakar faɗa da Frieza, kafin a tada janareta sai dai ka sake shi daga farko.

Shawararmu, kafin ka biya ko sisi, ka roƙi mai gidan ya buɗe maka asusunka daban a PlayStation 4 ɗin, domin kowane asusu da tasa ajiyar. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku raba kuɗin, ku riƙa karɓa-karɓa, ranar Asabar kawai, musamman ga masu shirin WAEC. Mai na'ura a gida da zai sayi faifan hannu a Sabon Gari, kada ya miƙa kuɗi sai an saka shi ya ga ya tashi.

Kuma ku daina tsallake hirar da ke fitowa a ƙasan allo. Da Turanci take, a ciki ake faɗin inda za a nufa, wanda ya tsallake ta haka zai ƙare awarsa yana yawo a daji.