Turmin Ƙarshe da Ɗalibin da ke Karatu a Birtaniya

Baligin mutum yana da haƙora 32 idan sun cika, kuma huɗu na can ƙuryar baki, biyu sama biyu ƙasa, su ne ke fitowa a ƙarshe, galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25. Turawa suna kiransu haƙoran hankali, saboda sai mutum ya mallaki hankalinsa suke ɓullowa. Waɗannan shekaru kuwa su ne daidai lokacin da matasa ke barin gida zuwa jami'a, wasu ma har ƙasashen waje. Shi ya sa ciwon yakan riski ɗalibi a inda ba shi da kowa, kuɗin aljihunsa kuma ƙidayayye ne.

Asalin matsalar ƙarancin wuri ne. Kafin turmin ƙarshe ya taso, sauran haƙora 28 sun riga sun mamaye muƙamuƙi. Idan bai sami fili ba, sai ya karkace ya tokari na gabansa, ko ya kwanta cikin ƙashi, ko kuma ya leƙo rabi, dasashi ya lulluɓe sauran. Wannan na ƙarshe shi ya fi fitina, domin ɓurɓushin abinci yana shigewa ƙarƙashin naman, inda buroshi ko asuwaki ba ya kaiwa, ƙwayoyin cuta su yi ta hayayyafa. Daga nan sai kumburi da warin baki, wani lokaci har buɗe baki ya gagara. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan kwantar da kumburin, amma muddin lungun yana nan, ciwon yana iya dawowa.

Sai dai ba kowane turmin da ya maƙale ake cirewa ba. A shekarar 2000 hukumar NICE, mai tantance hanyoyin magani a Ingila, ta ba da shawarar a daina cire wanda bai haifar da cuta ba. Ana cirewa ne idan ya ruɓe ta yadda ba zai gyaru ba, ko ya tara mugunya, ko kumburin dasashi ya yi ta maimaituwa. Akwai dalili: saiwar turmin ƙasa takan kusanci jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, idan aka taɓa ta wurin yakan mutu na ɗan lokaci, a wasu 'yan ƙalilan ma ya ɗore. Don haka likita yakan ɗauki hoton ƙashi kafin ya yanke shawara.

Batun kuɗi kuwa, ɗalibin da ya je Birtaniya karatun da ya wuce wata shida yana biyan harajin lafiya tare da kuɗin biza. An fara wannan a 2015, kuma a watan Fabrairu na 2024 aka mai da shi fam 776 a shekara ga ɗalibai. Harajin yana ba shi damar amfani da hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, amma bai ɗauke masa kuɗin aikin haƙori ba, abin da da yawa ba sa sani sai ranar ciwo. A Ingila an kasa kuɗin kashi uku. Bisa farashin watan Afrilu na 2025, dubawa da hoto fam 27.40 ne, ciko ko cire haƙori fam 75.30, aiki mai nauyi kamar haƙoran roba fam 326.70. A wurin likita mai zaman kansa kuwa, cire turmi guda yana iya cin ɗaruruwan fam.

Idan aikin ya yi wuya har likitan unguwa ya tura mutum asibitin NHS, tiyatar can kyauta ce, sai dai a sha jira. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yana iya cike takardar HC1 ya nemi ragi ko yafiya. Asibitocin koyarwa, irin su Guy's a Landan da asibitin haƙori na Jami'ar Mancesta, sukan karɓi wasu marasa lafiya kyauta, ɗaliban likitanci su yi aikin, malamansu na tsaye a kansu. Aikin yana da nawa, amma ana duba shi mataki mataki. A Sikotilan kuma, tun 2021 duk wanda bai kai shekara 26 ba ba ya biyan kuɗin haƙori a NHS.

Babbar wahala ita ce samun likitan NHS da ke karɓar sababbin mutane, domin a garuruwa da dama sai an yi watanni ana nema. Ya kamata ɗalibi ya fara neman tun makon da ya sauka, kafin wani abu ya taso. Mafi sauƙi ma shi ne a duba bakinsa a gida, a sashen haƙori na wani asibitin koyarwa, kafin ya tashi. Idan ciwo ya tsananta ba shi da likita, sai ya buga lamba 111. Kumburin da ya kai ga wahalar haɗiya ko numfashi kuwa na sashen gaggawa ne nan take.

Bayan cirewa, gudan jinin da ya daskare cikin ramin shi ne murfin ƙashi. Kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, ko shan taba, yana iya ɓamɓare shi, ƙashin ya bayyana, raɗaɗi mai tsanani ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Sai bayan awa 24 ake fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.